Kowa na son likita mace, to 'yar wa za ta zama likitar?

Makon jiya na kai mai ɗakina awo a wani asibiti a nan Jos. Muna zaune a kan benci muna jiran layi sai hayaniya ta kaure a bakin ɗakin likita. Wani bawan Allah ne ya tare ƙofa, yana rantsuwa ba namijin da zai duba masa mata. Nas tana ta ba shi haƙuri: "Alhaji, likita mace ɗaya gare mu, yau kuma ba ta aiki." Ya ce to su koma gida. Matar na tsaye ta dafa bango, ƙafafunta a kumbure, ba ta ce uffan ba.

Ban ga laifinsa a kan abin da yake so ba. Ni ma da za a ba ni zaɓi, mace zan so ta duba iyalina. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na san mutumin, unguwarmu ɗaya. Bara ya cire 'yarsa daga aji biyu na ƙaramar sakandare, yarinyar da malamanta suka yi ta zarya gidansa suna roƙo saboda ƙoƙarinta. Yanzu kullum da sassafe, cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, ina ganinta da bokitin awara a bakin titin Bauchi. Ƙannenta maza biyu sukan wuce ta sanye da yunifom, wani lokaci ma ita ke ciro kuɗin tara daga cinikinta ta miƙa musu.

Kafin a samu likita ana bukatar shekara shida a firamare, shida a sakandare, shida a jami'a. Shekara 18 ke nan, in ba yajin aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Likitar da Alhaji yake nema a makon jiya, tun shekara 18 da suka wuce wani uba ya yanke shawarar barin ta a aji.

Matsayina a bayyane yake. Duk yarinyar da ke ƙasar nan ta cancanci ta gama sakandare, wannan shi ne mafi ƙaranci. Uban da kuɗi ya yi masa kaɗan ya cire mace ya bar namiji, don kawai ita mace ce, bai yi adalci tsakanin 'ya'yansa ba, ko da talaucin nasa gaskiya ne.

Ba daga kan tudu nake wannan magana ba. Ni kaina da farantin talla aka yi mini karatu. Yayata ta girme ni da shekara uku, kuma ta fi ni kai nesa ba kusa ba, ita ta koya mini jadawalin sau a tsakar gida da gawayi. Tana gama aji shida aka ce ya isa. Dafaffiyar gyaɗa da masarar da ta yi ta kaiwa kasuwar Taminus su suka saya mini littattafai. Yau ni ke rubutu a jarida, ita kuma in an ba ta takardar magani sai ta ɗauki hotonta ta turo mini a WhatsApp in karanta mata. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Da ta yi ma da na fi samun sauƙi.

"Malam, ba kuɗi"

Wannan ce hujjar farko da za ka ji, kuma ba ƙarya ba ce.

Doka ta ce karatu kyauta ne. Tun 2004 aka kafa dokar ilimin bai-ɗaya, wadda ta wajabta shekara tara a makaranta ga kowane yaro, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Har hukunci ta tanada wa iyayen da suka ƙi: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu. Amma duk wanda ke da ɗa a makarantar gwamnati ya san kyautar ta takarda ce. Akwai kuɗin PTA, akwai yunifom, akwai littafi, akwai kuɗin jarrabawa, ga na WAEC da NECO suna jira a gaba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin keke kaɗai ya isa ya hana yaro zuwa makaranta. Magidancin da ke dako a kasuwar Farin Gada yana da 'ya'ya bakwai, in ya ce ba zai iya ba, ni na yarda da shi.

Tambayata ɗaya ce. Da kuɗin ya gaza, wa aka cire?

Da talauci ne kaɗai, da wani gidan namiji za a cire, wani gidan mace. Da sai a duba wanda ya fi ƙoƙari, ko wanda ya kusa gamawa. Amma ka zaga Gangare, ka shiga Unguwar Rogo, ka bi ta Rikkos, amsar kusan iri ɗaya ce. Talauci yana tilasta a zaɓa, amma ba shi ke nuna wadda za a zaɓa ba. Mu ke nunawa.

Kuma ba cirewar kawai ake yi ba. Ana cire ta ne ta koma mai nema. Cinikinta ake sa wa a tukunya, da shi ake biya wa ƙaninta makaranta, ragowar uwa ta zuba adashi don kayan ɗaki. Wato yarinya 'yar shekara 12 tana ciyar da gida, tana ɗaukar nauyin karatun wani, tana kuma tara kuɗin gadon da za a kai ta a kai. Sannan mu ce ita ce nauyi.

Akwai ƙasar da ta fi mu talauci a lokacin da ta kama wannan matsala ta wuya. Bangaladash, ƙasar da kusan kashi 90 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne, ta fara ba 'yan matan karkara tallafin karatun sakandare a faɗin ƙasa a 1994. Sharuɗɗan ba su da yawa: yarinya ta riƙa zuwa aji, ta ci jarrabawa gwargwado, kuma kada a aurar da ita kafin ta gama. Gwamnati ta gane cewa uba yana lissafi ne, sai ta sa masa wani abu a ɗaya gefen sikelin. Yau 'yan mata sun fi maza yawa a sakandaren ƙasar. Ba a canza musu addini ba, lissafin aka canza.

"Ai 'ya mace ta gidan wani ce"

Wannan ita ce ainihin maganar, sauran duk rigarta ne. Ba a cika faɗinta a bainar jama'a ba, amma ita ke aiki a zuci: me zai sa in kashe kuɗi a kan wadda wani zai ɗauke?

To mu bi lissafin a yadda yake, mu ajiye batun tausayi a gefe.

Ka shiga ɗakin marasa lafiya na kowane asibiti ka duba masu jinyar tsofaffi. Wa ke kwana a kan tabarma a ƙasan gado? Wa ke wanke kashi da fitsari? 'Ya'ya mata ne. Ka tambayi tsofaffin unguwarku wa ke aiko musu da ɗan abin cefane ba tare da sun roƙa ba. Wadda aka ce ta gidan wani ce, ita ce ba ta taɓa barin gidan ba.

Sannan gidan wanin nan, wa ya ba mu tabbacin za ta dawwama a ciki? Mun san yadda aure ke mutuwa a cikinmu. Yarinya ta dawo da goyo da wani a hannu, ba takarda, ba sana'a sai tallar da ta baro. A kan wa nauyin ke komawa? A kan uban nan da ya ce yana tsimi.

Mu mutanen Jos ma bai kamata a tsaya yi mana wannan bayani ba. Mun ga rikicin Satumban 2001, mun ga na Nuwamban 2008, mun ga na Janairun 2010. Mun ga gobarar babbar kasuwa a 2002 ta mai da masu shago 'yan kallo a dare ɗaya. Gidaje nawa ne a garin nan, na Musulmi da na Kirista, mace ta wayi gari ita ce uwa ita ce uba? Na ga bambancin da idona. Wadda ke da takardar koyarwa ko ta aikin jinya ta riƙe marayunta, da wahala amma ta riƙe. Wadda ba ta da komai ta shiga wankau da aikatau, ta kuma ɗora wa 'yarta faranti. Haka abin ke gadon kansa.

"Boko na ɓata tarbiyya"

Nan ne nake rasa abin cewa, don mai wannan magana sau da yawa shi ne ya tura 'yarsa tasha.

Ana tsoron ta zauna a aji da malami da allo da sauran yara arba'in, amma ba a tsoron ta shiga garejin makanikai ita kaɗai tana bin bashin awara. Ba a tsoron direban da zai ce zai saye farantin duka in ta biyo shi bayan mota. Kowa a garin nan ya san abin da ke faruwa da 'yan talla, ana dai rufewa ne saboda kunya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ban ce makarantunmu tsarkaka ne ba. Akwai malaman banza, akwai ƙawayen banza. Maganin wannan shi ne uba ya san makarantar 'yarsa, ya san malamanta, ya je taron iyaye. Yawancinmu ko ajin da 'ya'yanmu suke ba mu sani ba.

Batun addini kuwa, ina roƙo a daina jingina masa abin da bai ce ba. Hadisin da ya wajabta neman ilimi a kan kowane Musulmi bai ware mace ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman zamaninsa da ke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajis, mata shugabanni, tana ba su malfa su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Wannan ya faru kafin Bature ya kafa aji ko ɗaya a ƙasar Hausa. Saboda haka mai cewa karatun mata baƙon abu ne da aka shigo mana da shi, tarihin gidansu ne bai sani ba.

A nan Jos aka kafa Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, kuma ko kana tare da su ko ba ka tare, ba ka musun cewa sun fito da matan aure zuwa Islamiyya a lokacin da ake ganin hakan abin kunya. 'Yan ɗariƙa ma sun buɗe nasu, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ta buɗe nata. Yau ba wanda ke mamakin ganin mata da hijabi da jaka suna tafiya makarantar dare. Abin da aka ce ba zai yiwu ba ya zama ruwan dare a cikin rayuwar mutum ɗaya.

Wasu sukan nuna Afganistan, inda Taliban suka rufe wa 'yan mata sakandare tun 2021, suka ƙara da jami'a a Disamban 2022. Su ma fa suna son mace ta duba mace a asibiti. Ina jiran in ga inda za su samo ta nan da shekara goma.

"Za ta ci gaba a ɗakin mijinta"

Wannan alkawari an fi yin sa ranar sa rana, ana raba goro. Akwai mazan da suka cika, Allah ya saka musu. Amma ka ƙirga a danginku. Ciki ya zo, laulayi ya zo, uwar miji ta ce wa zai yi girki, shi ke nan an rufe babin.

Kuma ba karatun kaɗai ake asara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Wanda ke son ganin waɗanda suka tsira da rai amma da rauni, ya je sashen masu yoyon fitsari na asibitin Jankwano da ke nan Jos, inda ake kawo mata daga jihohi da dama a yi musu aiki. Da yawansu ƙanana ne, doguwar naƙuda ce a gida ta jawo musu. Macen da ta yi karatu ta fi zuwa awo, ta fi gane alamar haɗari, ta fi iya buɗe baki ta ce a kai ni asibiti. Matar Alhajin nan da ta dafa bango ta yi shiru, na yi ta tunanin aji nawa aka cire ta.

Inda bakina ke mutuwa

Hujja ɗaya ce in aka kawo ta nake sunkuyar da kai: tsaro.

'Yan mata 276 aka kwashe a Chibok a Afrilun 2014, suna shirin jarrabawa. Aka kwashe 110 a Dapchi a Fabrairun 2018. Aka kwashe 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. Uban da ke ƙauye ya ji wannan ya ce 'yarsa ba za ta kwana a makaranta ba, ni ba ni da fuskar da zan kira shi jahili. Ya sauke nasa nauyin ya kai ta, hukuma ce ta kasa tsare ta.

A Jos namu salon daban ne. Tun da rikici ya raba garin, akwai unguwar da wani ba ya shiga, akwai wadda wani ba ya kwana. In makarantar kirki tana ɗaya ɓangaren, namiji a kan ce ya yi ta maza ya je. Mace sai a ce ta zauna.

Ga kuma ƙananan abubuwan da maza ba ma lura da su. Makaranta mai ɗalibai ɗaruruwa ba bayan gida mai ƙofa, ba ruwa. Yarinya ta fara al'ada, ba kuɗin audugar mata, ba inda za ta gyara jikinta. Sai ta riƙa fashin kwana huɗu ko biyar duk wata, a bar ta a baya, ta faɗi jarrabawa, uba ya ce da ma ba ta da kai. Kenya ta sa raba audugar mata a makarantun gwamnati cikin doka tun 2017. Mu nan ko ambaton abin kunya muke ji.

Wannan ɓangaren laifin gwamnati ne, kuma ba rashin kuɗi ba ne kaɗai. Doka ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha ta kawo nata kason ta karɓi daidai da shi. Shekara da shekaru hukumar na kukan cewa biliyoyin naira na kwance a Abuja saboda jihohi sun ƙi kawo nasu. Filato tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 domin karatun 'yan mata matasa. Haƙƙinmu ne mu tambaya: aji nawa aka gina a unguwarmu, bayan gida nawa, yarinya nawa ta koma? In ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a da atamfa da taliya, wannan ce tambayar da ya kamata iyaye mata su tare shi da ita.

"Su mazan fa?"

Wani abokina malamin makaranta ya ce mini kullum mata, mata, alhali ga almajirai nan cike da titi, ga samari a majalisa suna shaye-shaye. Yana da gaskiya. Alƙaluman hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, na 2023 ma sun nuna cewa cikin yara miliyan 250 da ba sa zuwa makaranta a duniya, miliyan 122 ne mata, wato mazan sun ɗan fi yawa. A Najeriya an daɗe ana ambaton miliyan 10.5, UNESCO kuma ta kai ƙiyasin kusan miliyan 20 a 2022 da ta haɗa da 'yan sakandare. Ko wanne ka ɗauka, mafi yawansu namu ne na Arewa, maza da mata.

Amma akwai bambanci. Yaron da ya bar makaranta yana da shekara 13 zai iya koyon walda ko kanikanci, ya dawo ya rubuta jarrabawa yana da 20, ba mai hana shi. Yarinyar da ta bari a 13, kafin 20 tana da 'ya'ya biyu ko uku, fitarta ma sai da izini. Shi an tura masa ƙofa ne, ita an sa mata kwaɗo. Sannan almajirin nan da ake magana, wace uwa ce ta yarda aka ɗauke mata ɗan shekara shida? Da wuya ka ga wadda ta gama sakandare ta yarda.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan ciwon Hausawa Musulmi ne kaɗai. Ka je Abuja ka ga 'yan aikatau da aka kwaso daga ƙauyukan Filato da maƙwabta, Kirista da Musulmi, suna riƙe da jakar 'ya'yan uwar ɗaki suna raka su bakin motar makaranta. Uwar ɗakin kuma ta yiwu daga nan taron kare haƙƙin 'ya mace za ta wuce. Mu 'yan boko ma muna da namu kashin a gindi.

Masu cewa ga masu digiri nan ba aiki, amsarsu gajera ce. Ba su taɓa kawo wannan hujja a kan 'ya'yansu maza ba.

Shekaranjiya bayan sallar isha'i na samu Alhajin a ƙofar gidansa. Na gaishe shi, na tambayi jikin mai ɗakinsa, ya ce da sauƙi, sun koma washegari sun samu likitar. Ya yi ta yaba mata, ya ce yarinya ce ƙarama amma ta san aiki, ga ladabi. Na ce, "Alhaji, ita ma fa 'yar wani ce." Ya yi dariya, ya gane inda na dosa.

Na ce masa yunifom da littattafai da kuɗin PTA na zangon farko ni zan ɗauka, bashi ne nake biya, ba nasa ba. Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce matsalar ba tasa ba ce, uwarta ce ke zubin adashi da kuɗin awarar, kuma kwasarta sai bayan salla. Na tambayi nawa ne zubin a mako. Ya ce zai tambaya.

Yau da safe na wuce ta titin Bauchi, tana nan da bokitinta.